Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

Da ƙafa Ɗanmaliki ya banke ƙofar ɗakin, ya watsar da maigadin da ya tare shi, har bakin bawan Allah ya fashe a jikin bango. Ɗanmaliki wanzami ne, duk Kebbe an san zafin askarsa da na zuciyarsa, kuma ɗansa Gidaɗo ne kwance a ciki.

Tun ranar da tankar mai ta murƙushe motarsu a hanyar Tambuwal, wata sabuwar na'ura da arzikin fetur ya kawo asibitin birni ce ke yi wa Gidaɗo numfashi. Jiya ƙafarsa ta kumbura suntum. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, in gudan ya ɓalle zuwa huhu shi ke nan, don haka an sa masa maganin tsinka jini. Ɗanmaliki bai ji komai ba sai "ya daskare". To, mataccen jini kuma, wa zai koya wa wanzami maganinsa?

Ya zaro ƙaho da aska daga zabira. Madina, nas ɗin ɗakin, ta riƙe masa hannu.

"Baba, don Allah kar ka tsaga shi! Jininai ba shi tsayawa yanzu."

"Sake ni, ɗiyag ga! Ku kunka bar ƙafa ta ruɓe kuna kallo."

Ya make ta da gwiwar hannu, ta kife kan tiren allurai. Ya tsattsaga bayan ƙafar, ya zurfafa askar saboda kumburin, ya kafa ƙaho ya zuƙa.

Nan take ƙahon ya cika ya faɗo da kansa. Ba baƙin gudan da ya saba gani ba ne, ja ne tsinkakke kamar zoɓo. Ya danne da yatsa, jinin ya ɓullo ta gefe. Ya yage rawaninsa ya ɗaure, rawanin ya jiƙe sharkaf. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Likitoci suka shigo a guje, suna ihu a kawo jini. Aka ja Ɗanmaliki, aka doke hannunsa, ya ƙi sakin ƙafar. Yana nan durƙushe cikin jinin ɗansa, har ya ji abin ya lafa a ƙarƙashin tafinsa.

"Ya tsaya!" in ji shi. "Alhamdu lillahi! Malama, duba, ya tsaya!"

Ƙirjin Gidaɗo na ta hawa da sauka. Amma na'urar ce kaɗai ke ɗaga shi. Likita ya lalubi bugun jini a wuyan hannun yaron bai samu ba, ya sake shi, ya ɗaga kai. Madina ta goge leɓenta da ya fashe, ta miƙa hannu ta kashe na'urar.