Ramuka Biyu a Jikin Kwali

Auta ce ta sa wa kekena kwaɗo. Yarinyar da na koya wa taka feda da hannuna, yau don ta zama nas, ita ke yanke mini hukunci.

"Baba, shekara sittin da biyu fa. Kullum ka dawo kana tafiya kamar wanda aka yi wa allura. Ka haƙura da keken nan."

In haƙura? Tun da mahaifiyarta ta rasu, keken tseren nan ne ke fitar da ni daga ɗaki da safe. In ba shi, sai dai ni da bango mu yi ta kallon juna. Ban musa ba, wajen zama na shan wuya. Amma abin ya ta'azzara ne tun da ita Autar ta sayo mini wani sirdi mai faɗi, cike da soso, kai ka ce kujerar falo.

Na ce ta ba ni mako ɗaya. Ta miƙo makulli tana harara. "In na sake ganin ɗingishi, sai ɗakin ajiya."

Na tura keken wurin mai gyara, wani dogo da ake kira Sifana. Ya danna sirdin da yatsa, ya ja tsaki.

"Baba, ai wannan ke kashe ka. Kana nutsewa a ciki, nauyinka na sauka inda bai kamata ba."

Ya shimfiɗa kwali a kan benci a bakin titi, ya ce in zauna, in ɗan sunkuya, in ɗaga ƙafa. Mai shagon kusa ya fashe da dariya, wai tsoho ya zo awon ɗuwawu. Na ce masa nasa ko sikelin buhu ba zai ɗauka ba. Da na tashi, sai ga ramuka biyu inda ƙasusuwan zamana suka danna. Sifana ya auna tsakaninsu da rula, ya ɗauko wani sirdi siriri, mai tauri, da tsaga a tsakiya.

Na ce, "Kai, a kan wannan katakon za ka ɗora ni?"

"Ƙashi ke ɗaukar mutum, Baba, ba tsoka ba."

Ya ɗaura sabon sirdin, ya sa na hau, dunduniya a kan feda, ya yi ta ɗagawa yana saukewa har ƙafata ta miƙe daidai. Hancin sirdin ma ya kwantar da shi, kada ya ɗaga sama.

Kwana biyun farko na ji jiki, na ɓoye. A na bakwai na yi awa uku a hanya. Ina shigowa na tarar da Auta a ƙofa, kwaɗo a hannu, idonta a kan ƙafafuna. Na saɓa keken a kafaɗa, na haye matakalar benen gidan bibbiyu, na sauko.

Na ɗauko sirdinta mai soso na miƙa mata.

"Ungo, ki ajiye mini. Ranar da na yarda na tsufa, zan aiko a karɓa."

Idonta ya ciko. Na buɗe hannu, ta ɗora mini kwaɗon.