Dutsen Murhu Na Uku

Ranar Laraba da hantsi Zuwaira ta rasu, tana dafa wake. A lokacin mijinta Lawan yana zaune kan benci a ofishin 'yan sanda, yana jiran a saurare shi.

Abin ya faro ne daga gonar aro da yake nomawa a bayan Rigachikun, inda dattawa ke cewa an taɓa yin atisayen harbi. Fartanyarsa ta daki ƙarfe. Ya tono shi: tsawon damtse, mai tsini a kai, tsatsa ta cinye fentinsa. A unguwarsu ta Kurmin Mashi ƙarfe ba ya kwana a ƙasa, masu gwangwan na saye a kan sikeli. Ya jefa shi a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya yi ta faɗawa ramukan hanya har gida.

Abokinsa Sagir mai walda ya fara nuna wa. Sagir ya leƙa buhun, ya kashe injinsa, ya ja da baya.

"Lawan, lafiyarka ƙalau? Harsashin igwa ne fa. An harba bai tashi ba."

"To ai ya mutu ke nan."

"Barci yake! Ba a bugunsa, ba a kai shi kusa da wuta, ko ɗagawa ba a yi. Inda ka gan shi za ka bar shi, ka kira masu kwance bam."

"Na riga na ɗauko. In kira su yanzu?"

Sagir ya dubi titi, ya rage murya. "Ka tuna Ɗanladi mai faci? Harsasai ya tsinta a kwata, ya kai da hannunsa. Aka yi azumi aka yi salla ana tambayarsa 'yan bindigar da yake wa aiki. Don Allah fitar min da shi daga shago. Ban gan ka ba."

* * *

A gida Lawan ya tura ƙarfen bayan madafa, ya rufe da tsohon kwano.

"Malam, me kuma ka kwaso mana?" in ji Zuwaira.

"Tsohon ƙarfe ne."

"Kai da tarkace! Wata rana ni ma sikeli za ka ɗora ni."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ya san matarsa, tsoro ba ya zama a cikinta. In ta ji, maƙwabta sun ji, kuma kafin la'asar motar 'yan sanda na ƙofar gida.

Tuwo ya daina wuce masa. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura. Ya mayar da ƙarfen gona? Yanzu yana tuna kowane rami da ke hanyar. Ya jefa a kogi? Akwai masunta. Duk dabarar da ya ƙulla, a kan ɗan wani take ƙarewa.

Da safiyar Laraba ya yanke shawara: gara a tsare shi. Ya tarar da Zuwaira durƙushe tana hura itace, don gas ya fi ƙarfinsu tun bara.

"Dutsen murhun nan ya tsage, tukunya sai karkacewa take. Ka samo min wani in za ka dawo."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Maganar ta zo har kan harshensa. Sai ga maƙwabciyarsu Kande ta yi sallama, ta zo aron rariya.

"To," ya ce. Ya fita.

* * *

"Zauna, oga bai iso ba," in ji ɗan sandan da ke kan kanta.

Ya zauna. Can sai wata ƙara ta taso daga wajen unguwarsu, tagogi suka girgiza.

"Taransifoma ce kuma," in ji ɗan sandan, ko kai bai ɗaga ba.

Lawan ya miƙe, ya bar takalmansa a wurin.

Kande ce ta ba da labari daga baya, tana kuka. Tukunyar ta kusa kifewa, sai Zuwaira ta ce ai ga ƙarfen Malam can, tsayinsa daidai. Ta kafa shi a madadin dutsen, ta ƙara itace. Kande ta fita da rariya ke nan, abin ya tashi.

Masu kwance bam sun zo da yamma. Mutanen kirki. Ba wanda ya tsare shi, har kujera suka ba shi. Ƙaraminsu ya rusuna ya ce, "Baba, me ya hana ka kira mu?"

An cike ramin, an sake kwanon madafa. Duwatsu biyu dai suna nan a gindin katanga, inda ƙarar ta jefa su. Kullum zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya dube su, leɓensa na motsi.

Zuwaira, kada ki taɓa ƙarfen nan.