Ƙarar Inji a Laburare

Wata mota ta gagari Bakanike, ƙara take kamar ana tauna tsakuwa. 'Yarsa ta ja shi laburare, inda intanet kyauta ne. Ya goge baƙin man hannunsa a wando, ta toshe masa kunnuwa da abin sauraro, ta kunna bidiyon injina masu ciwo.

Can ya zabura, kujera ta kife.

"Ita ce! Wallahi ƙarar ke nan! Ashe famfon ruwan injin ne!"

"Baba, a hankali!"

Ina, bai ji ba. Ma'aikaciyar laburaren ta nufo shi, fuska a ɗaure.

"Malam, nan ba gareji ba ne." Sai ta rage murya. "Ina garejin naka yake? Motata ma ƙara take yi."