Rabon Ɗan Sanda

Ɗan sanda Liyakat Bhatti ya tsaya gaban amalanken Fazlu mai suya, ya juya wa kaskon suya baya don kada ido ya ƙarasa abin da hanci ya fara, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Daga yau kada Fazlu ya ƙara ba shi komai. Ba samosa, ba jalebin nan mai ɗigar ruwan sukari, ba kwalbar lemo. In ya miƙo hannu, a buge hannun da matsami.

Fazlu ya rage wuta. A ƙofar makarantar 'yan matan nan ta unguwar masaƙa ya yi furfura, kuma ya ga 'yan sanda iri-iri. Ya ga mai ci, ya ga mai ci ya ƙulle na gida. Wanda bai taɓa gani ba shi ne mai cewa ya ƙoshi, kuma a saninsa irin wannan ne ke cinye mutum har da amalankensa.

"Bhatti Sahib, in kuɗi kake so, faɗa mini kai tsaye," in ji shi. "Ni tsoho ne, zuciyata ba ta ɗaukar kwana-kwana."

Liyakat ya dafa tumbinsa, wanda ya daɗe da tura bel ɗinsa ƙasa, ya yi masa bayani. Umarni biyu ne suka sauko daga sama a mako guda. Na farko ya ce duk ɗan sandan da ƙugunsa ya wuce jan layin da aka zana a jikin tef ɗin awo, in lokacin mangwaro ya ƙare, a sallame shi ya tafi gida. Na biyu ya ce a kori masu suya da masu lemon kwalba daga ƙofofin makarantu, kuma a wannan layin shi Liyakat aka ɗora wa korar. To, ga shawara. Fazlu ya hana shi ci, shi kuma ya manta da umarni na biyu.

Fazlu ya duba cinikin ta kowane gefe bai ga rami ba, wannan kuwa ya ƙara tsorata shi. Kariyar da ba a biya ba, ba kariya ba ce, gobe mai ita yana iya janyewa.

"Na yarda," ya ce a ƙarshe. "Amma rabonka yana nan. Fazlu bai taɓa cin haƙƙin hukuma ba."

Liyakat ya ce ya yi yadda ya ga dama da shi. Hankalinsa na kan ƙamshin, yana son ya gudu kafin ya karya alkawari tun ba a ƙulla ba. Suka yi musabaha, ya tafi yana goge maiƙo a wandonsa.

Wanda bai san aikin ba zai ce kwaɗayi ne ya tara wa Liyakat teɓa. Akwai kwaɗayin, ba a musu. Amma da ya shiga aiki siriri ne kamar karan rake. Aka ajiye shi a titi tun fitowar rana har bayan isha, ba kantin abinci, ba lokacin zuwa gida, albashi kuma ba ya kai tsakiyar wata. 'Yan kasuwa suka riƙa ciyar da shi, shi kuma ya riƙa kau da kai. Mai shayi ya ba shi mai madara da sukari har cokali ya tsaya, mai gurasa ya lafta masa man shanu, mai nama ya zaɓo masa inda kitse yake. In ka ƙi, ka ci mutuncin mutum, ka kuma sa shi kwana da fargaba. Hukumar da ta sa masa ido yau, ita ta bar wa titi ciyar da shi shekara da shekaru. Wannan duk Liyakat ya sani, amma tef ɗin awo ba ya sauraron tarihi.

Ya sha wuya. Ya ajiye babur ya koma tafiya da ƙafa cikin zafin kudancin Panjab, inda kwalta ke laushi da azahar. Matarsa Kausar ta daina sa man shanu a tukunya, gida duka ya koma cin dafaffen wake da gurasa busasshiya. Abokan aiki suna tsokanarsa, wai ya rage tumbin a hankali don kada ɓarayi su daina gane shi. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda 'yan kasuwar layin makaranta suka kwantar da hankalinsu. Ya zaci za su dame shi da tayi da ƙorafi, sai ya ga suna gaishe shi da fara'a, babu mai miƙo masa ko gyaɗa. Ya ce a ransa Fazlu dattijo ne, ya yi musu magana.

Abin da ke riƙe da shi 'yarsa ce, Rimsha. Ita kaɗai Allah ya bar musu, shekararta goma sha uku, tana wannan makarantar da yake gadin ƙofarta, kuma malamanta na cewa kanta zai kai ta likitanci. In aka sallame shi, karatun ya tsaya. Yarinya ce mai jiki tun tana ƙarama, kakarta har alfahari take da kumatunta, tana cewa a ga 'yar gidan da ake ci. Liyakat kan fita tana barci, ya dawo tana barci, kuma tun da aka yi cinikin yake kauce wa ƙofar makarantar lokacin tara da na tashi don gudun ƙamshi. Bai lura ba cewa an sake buɗe mata ɗinkin rigar makaranta.

Ranar awo suka yi layi a filin fareti, manya-manyan mutane kowa ya shanye ciki kamar amarya gaban surukai. Wasu sun kwana suna shan maganin wankin ciki, wani ya ɗaure kansa da zanen matarsa a ƙarƙashin riga aka gano shi. Babban jami'in da ya zo sa ido yana zaune a inuwa, teburi ya rufe masa daga ƙirji zuwa ƙasa, kuma babu wanda ya kai tef wajensa. Da aka zo kan Liyakat, mai awon ya zagaya, ya ja, ya leƙa. Ya tsallake: jan layin ya rufe, har da rarar da ba ta kai faɗin yatsa ba.

Yana ɗaura bel wayarsa ta yi ƙara. Kausar ce. Muryarta a daidai take. Ta ce Rimsha ta faɗi a taron safe na makaranta, suna asibitin gwamnati, ya zo.

Ya same su a wani ɗaki mai gado shida da fanka ɗaya. Rimsha na zaune, leɓɓanta a bushe, tana riƙe da gorar ruwa da ta kusa shanyewa. Likitar, wata mace mai gilashi da gajiya a fuska, ta ɗaga kitson yarinyar ta nuna masa bayan wuyanta. Fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kauri.

Kausar ta yi saurin cewa ta sha gogewa da soso da lemon tsami, ba ƙazanta ba ce daga wajenta.

"Ba dauɗa ba ce, baiwar Allah," in ji likitar. "Jiki ne yake ta yi muku magana. Sukari ne ya hau mata, irin wanda a da sai a jikin tsofaffi muke gani. Yanzu duk mako sai an kawo mini 'yar makaranta."

Ta ce abin ba jiya ya fara ba, ƙibar ta daɗe, wataƙila ma akwai shi a jini. Amma wani abu ya ingiza shi a 'yan watannin nan, nauyin yarinyar ya yi tsalle. Ta tambayi me take ci. Kausar ta rantse tukunyarta ta rame tun da maigidan ya shiga wannan jarrabawa. Likitar ta ce kowace uwa haka take cewa, kuma ita ba ta da maganin iyayen da ba sa kallon 'ya'yansu.

Nan Kausar ta manta da a ina take. Ta ce a shagon rangwame na gwamnati me ake sayarwa da araha in ba sukari da farin gari da man gwangwani ba? Ganye da 'ya'yan itace kuwa sai mai hali. Filin wasan makarantar an yanka shi an gina shaguna, yarinya mace kuma ba ta isa ta yi gudu a titi ba sai unguwa ta cinye uwarta da baki. Likitar ta saurara, ta ce duk gaskiya ne, amma gwamnati ba ta ɗura wa kowa a baki. Ta juya wajen Rimsha ta sake tambaya, a hankali.

Rimsha ta dubi ubanta. Ba tsoro a idonta, sai mamakin yadda shi bai ba da amsar da kansa ba.

"Rabonka ne nake karɓa, Abbu," ta ce. "Baba Fazlu ya ce kai ka bar shi, kuma ba zai fita daga gidanmu ba."

Ta lissafa ba tare da ta san tana yanka shi ba. Samosa da jalebi wurin Fazlu lokacin tara. Mai lemo ya ga haka, shi ma ya fara ajiye mata kwalba mai sanyi. Mai gurasa yana tare ta in an tashi. Ta taɓa cewa ta ƙoshi, sai mai lemon ya ɓata fuska ya tambaye ta ko babanta na fushi da shi ne. Daga ranar ba ta ƙara ƙi ba. Tana raba wa ƙawaye wani, amma yawanci a gabansu ake so ta ci. Ba ta faɗa a gida ba, don ta ga yadda Abbu ke kallon ko hoton abinci a talabijin, ba ta son ta tayar masa da rai.

Liyakat ya ji sabon ramin da ya huda a bel ɗinsa yana matse shi. Da suka fito baranda karɓar magani, ya fara cewa da gwamnati ta yi abin da ya kamata tun farko, sai Kausar ta katse shi ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Baban Rimsha, likita na faɗa wa zancen gwamnatin nan don in rufe mana asiri. A ƙofar makarantar nan, wace gwamnati ce in ba kai ba?"

Da la'asar ya isa layin. Labarin awo ya riga shi zuwa, na asibiti bai iso ba, don malamai sun ce wa kowa zafin rana ne. Fazlu ya hango shi ya washe baki, ya jefa sabon kwaɓi a mai, yana cewa yau azumi ya ƙare, a kawo wa Bhatti Sahib kujera. Liyakat bai zauna ba. Ya faɗa masa abin da likita ta ce.

Matsamin ya tsaya a hannun tsohon. Ya daɗe yana kallon jalebin yana ƙonewa.

"Wallahi da hannuna nake zaɓar mata masu zafi," ya ce. "Na ɗauka girmama ka nake."

Liyakat ya so ya ga mugu a gabansa, da abin ya zo masa da sauƙi. Sai ya ga tsoho mai kumburarrun ƙafafu, wanda shi ma ba ya iya sa takalmi, wanda abincinsa na rana abin da ya kwana a kasko ne. Fazlu ya ce shi abin da yara ke saye yake soyawa. Ya taɓa gwada dafaffiyar masara da kokwamba, ya koma gida da kayansa. Ya tuna masa kuma cewa da bakinsa ya ce a yi yadda aka ga dama da rabon.

"Na ce," in ji Liyakat. "Gobe kada in ga amalanke ko ɗaya a ƙofar nan."

Fazlu bai roƙe shi ba. Ya kashe wuta, ya ce ciniki ne, wanda ya ƙulla shi yana da ikon kwancewa, Allah ya ba yarinya lafiya.

Washegari ƙofar makaranta ta wayi gari fes, har shugabar makarantar ta aiko wa Liyakat da godiya. Amalanken kuwa ba su yi nisa ba. Sun sha kwana ne kawai zuwa bayan masallaci, inda layin wani ɗan sanda ya fara, saurayi sabon ɗauka, siriri, wanda albashinsa ba ya kai tsakiyar wata. Yara suka gano wurin tun kafin tara ta ƙare.

In ana son a san yadda cinikin ya tashi, ga shi. Babban jami'in nan ya fito a jarida, an yaba masa kan umarninsa biyu. Fazlu ya samu inuwa mafi kyau da masu fitowa daga salla a kan 'yan makaranta. Liyakat ya tsira da aikinsa da bel ɗinsa, kuma kuɗin makarantar 'yarsa bai yanke ba. Rimsha, wadda ba ta wurin lokacin da aka yi musabaha, ita ce ke tafiya makaranta da ƙwayar magani a aljihun jaka da busasshiyar gurasa a ƙunshi, ta dawo ta doguwar hanya don kada ta bi ta bayan masallaci.