Uwar Get Ta Ɗaga Ludayi

Uwar Get ta dire kula ta ƙarshe a kan teburin da ke bayan zauren taro, ta share gumi da bakin mayafi, daidai lokacin da Ciyaman ke hura lasifika yana tambayar ko ana jinsa. Ana jinsa, amma an fi jin janareta. Garin da ya yi shekara da shekaru yana haska rabin ƙasa, yau sai an aika a sayo fetur a galan kafin a ji muryar shugabansa.

Sunan nata ta samo shi ne a bakin ƙofar tashar wutar lantarki, inda ta kafa rumfar abinci tun tana goyon fari. Masu haƙar kwal su fito daga rami baƙi ƙirin su zauna a bencinta, ma'aikatan tasha su fito da hular kwano su ture su. A wannan rumfa ta aurar da 'ya'ya biyu, ta rufa ɗaki da kwano. Sai aka rufe ramin, bayan 'yan watanni tashar ta bi sahu. Waɗanda suka rufe sun ce don lafiyar duniya ne, kuma babu wanda ya musa, sai dai ba a faɗi a wace duniyar mutanen garin za su ci abinci ba.

Daga nan aka haifi Kwamitin Farfaɗo da Tattalin Arzikin Al'umma. Shi dai tattalin arzikin bai farfaɗo ba, amma kwamitin ya yi ƙiba. An yi taron jin ra'ayi, an yi taron bitar ra'ayin da aka ji, an yi taron tantance bitar. An kawo shawarar kiwon kifi a tsohon rami, kifayen suka sha ruwan suka juya ciki sama. An kawo amya ta zamani, ƙudan zuman suka duba garin kwana kaɗan suka yi abin da samari ke yi, suka tafi. Mijin Uwar Get, wanda ake kira Injiniya ko da yake aikinsa a tasha shafa wa bel ɗin inji girisi ne, an koya masa kwamfuta, aka ba shi takardar shaida mai zanen zinariya. Tana nan rataye a ɗaki, tana rufe wata tsaga a bango, wanda shi ne amfani na farko da aka samu daga shirin.

Abu ɗaya ne bai taɓa faɗuwa ba: duk taro sai an ci abinci. Ciyaman ɗin kwamitin kuwa tsohon shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, harshensa ya san miyar Uwar Get tun yana da gashi a ka. Don haka ita ke dafawa. Da wannan girki gidanta ke tsaye, da shi ake sayen maganin tarin Injiniya, da shi take sallamar Mai Wanki, tsohuwar da a da take wanke kayan aikin ma'aikata, yanzu kuma take taya ta rabon faranti.

Yau ne taron ƙarshe. Za a sa hannu a kan babban shiri, a rushe kwamiti, kowa ya kama gabansa. Kuma a karon farko shirin yana da kai da ƙafa: za a mayar da tsohon garejin tasha wurin walda da gyaran injin ban ruwa, a ɗauki tsofaffin ma'aikata. Injiniya na ciki. Tun da asuba ya yi aski, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya zauna a layin gaba yana danne tari don kada baƙi su ɗauka ba shi da lafiya.

Ƙwararriyar da aka ɗauko daga babban birni ta tashi. Yarinya ce mai ladabi, mai murmushi kamar na ma'aikaciyar banki. Ta haska hotuna a bango: ga kibiya ta yi sama, ga wata ta fi ta yin sama, ga hoton wasu mutane suna dariya waɗanda ba a taɓa ganinsu a garin ba. Ta ce an zauna da duk masu ruwa da tsaki, an saurari duk wanda rufewar ta shafa, ba a bar kowa a baya ba.

Mai Wanki ta matso da bakinta kusa da kunnen Uwar Get.

"Yaya, ashe mu ba ta shafe mu ba. Ni da na ɗauka yunwa nake ji, ashe ƙoshi ne."

Uwar Get ba ta yi dariya ba. Ta dubi kulolin nan da daga gobe za su koma ƙarƙashin gado. Ta tuna mai shayin bakin get da ya koma ƙauyensu, da matar da ke ba ma'aikata hayar ɗakuna wadda yanzu awaki ke kwana a ɗakunanta. Ta kuma dubi ƙeyar mijinta, sabon aski yana sheƙi. Gareji zai ɗauke shi, haka ne. Amma yaushe garejin zai buɗe, yaushe zai fara biya, wannan sai wanda ya ga kifin rami ya girma.

Ciyaman ya karɓi lasifika, ya tambaya ko akwai mai magana, da irin muryar da ake yi wa baƙo tayin abinci bayan an wanke tukunya. Har ya zare murfin biro.

Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba, ga ludayi a ciki. Ko ita kanta, da za a sa ta rantsuwa, ba za ta iya cewa haushi ne ya ɗaga hannun ko tsoron gobe ba.

"Ranka ya daɗe, ni ce mai abinci," ta ce. "Na ji an ce an saurari kowa. To, duk zaman da kuka yi ina nan a bayanku, babu wanda ya taɓa tambayata komai sai ko akwai ƙarin nama. Da aka rufe tasha, ba masu hular kwano kaɗai aka rufe ba. An rufe ni, an rufe wannan baiwar Allah mai wanki, an rufe mai shayi da mai faci. Mu ba mu da katin aiki, shi ya sa ba ku gan mu ba. Shi ke nan maganata. Abinci na hucewa."

Wakilin masu ba da tallafi, wani dogon mutum da tun safe yake fama da wayarsa, ya ɗago kai a karon farko. Ya yi magana ƙasa-ƙasa da Ƙwararriya, murmushinta ya ɗan dushe. Ashe a ƙa'idarsu ba a sakin tallafi sai an ji muryar mata da masu ƙananan sana'o'i, kuma ga muryar ta fito a gaban shaidu, da ludayinta. Ya ce ba za a sa hannu yau ba.

Uwar Get ta zaci Ciyaman zai haɗiye ta ɗanya. Sai ta ga fuskarsa ta washe kamar wanda aka ce wa an ɗaga ranar ritayarsa. Ya mayar da murfin biro, ya yaba wa jarumtar uwarmu, ya ce dama abin ya daɗe yana ci masa rai. Nan take aka kafa ƙaramin kwamiti da zai binciki waɗanda babban kwamiti ya manta. 'Yan kwamiti suka yi tafi mai ƙarfi, irin na mutanen da aka ceto daga ruwa. Tsofaffin ma'aikata ba su tafa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka juyo suna kallonta, ban da mijinta, wanda ya ci gaba da kallon bangon da aka kashe wa hoto.

Da aka zo cin abinci kowa ya ci, har da masu fushi, don fushi ba ya hana loma. Ciyaman ya ja ta gefe ya sanar da ita cewa an sa ta a ƙaramin kwamitin a matsayin wakiliyar mata. Ta tambaye shi wa zai yi girki idan tana zaune a teburi. Ya ce ai ba sai ta zauna ba, daga nan bayan ma tana jin komai, kuma zaman farko na kwana uku ne, a ƙara nama.

Da la'asar ta tarar da Injiniya a tsakar gida, ya tuɓe rigar ya rataye, yana zaune a kan turmi daga shi sai singileti. Tarin da ya danne tun safe yanzu yake biyansa. Ta kawo masa ruwa, ya karɓa bai dube ta ba. Ta tsaya tana jiran faɗa, har ta tanadi amsoshi, amma faɗan bai zo ba.

"Abin da kika faɗa gaskiya ne," ya ce daga baya. "Shi ne ma abin haushin."

"Baban yara, garejin ba fasawa aka yi ba. Ɗagawa aka yi."

"Na sani. Ni ma ai ba korata aka yi daga tasha ba, hutu aka ba ni."

Ta zauna a bakin ƙofar kicin tana kankare ƙanzon tukunya. Can ya tambaye ta zaman ƙaramin kwamitin na kwana nawa ne, ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai kamar mai lissafin wani babban inji.

"Shinkafar kwana uku ba za ta ɗauku a kanki ba," ya ce. "Ki tashe ni da wuri, in ari baro in raka ki kasuwa. In an tambaya, ki ce kin ɗauki injiniya aiki."