Fitsarin Injin Andrawus

Shekara talatin da biyu ina gyaran injin jirgin ruwa a Minna, garin da ba shi da wani kogin a zo a gani. In na faɗi haka mutane sai su yi dariya. Su yi ta yi. Daga dam ɗin Shiroro da na Zungeru ake ɗoro mini injuna a bayan a-kori-kura, in tsoma su a durom ɗin ruwa a bayan shagona, in gyara, a zo a ɗauka. Sunana Ndako, Banufe ne ni daga Bida, kuma duk mai jirgin da ke tsallakar da mutane zuwa kasuwar Zumba yana da lambata a wayarsa.

Sai ido ya fara cin amanata. Yanar ido ta riƙa rufe shi a hankali, har na daina bambance kan noti da ƙudan da ya sauka kusa da shi. 'Yata Mubina ce ta riƙe aikin. A shagon ta tashi, ta yi aure, ta haifi biyu, ba ta ajiye sifana ba. Amma masu jirgi in sun zo suka tarar da ita, sai su ce, "Ina Baba?" In ba na nan, su mayar da injinsu mota. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Na san in ba su yarda da hannunta ba kafin idona ya gama rufewa, to shagon zai mutu tare da idon.

Andrawus mutumin Kuta ne, shi ke da jirgi mafi girma a bakin ruwan Zumba, kuma inda ya kai injinsa nan sauran suke kai nasu. Injinsa tsoho ne, mai ƙarfin doki arba'in. A tsakiyar ruwa lafiya lau yake gudu, amma da an rage wuta za a shiga tsakanin kututturan itatuwan da dam ya cinye, sai ya yi tari ya mutu, da mutane da buhunan doya a ciki. Sau uku ina canza masa fulogi, sau biyu ina sa a wanke kafireto. Ranar wata Laraba ya kira ni.

"Baba Ndako, ka zo da kanka ka gani. In ba haka ba, zan kai shi Kainji, kar ka ce ban faɗa maka ba."

Muka tafi Zumba da Mubina, tana riƙe da hannuna a wurin gangara. Na ji wani abu yana ƙara a jakarta, ban tambaya ba.

Injin jirgi daga tafkin yake zuƙo ruwa, ya zagaya da shi cikinsa don ya huce, sannan ya tsartar da siririn ruwa ta baya. Mu fitsari muke ce masa, ba mu da wani suna. In inji yana fitsari da ƙarfi, kowa ya ce lafiyarsa ƙalau. A hanyar ruwan nan akwai wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba mai sifirin, tamostat, wanda ke tare ruwan sai inji ya ɗumama. Mu makanikan Minna ba ma barin sa, ko a mota ko a jirgi. Muna cewa na ƙasar sanyi ne, mu da rana ke gasa mu me za mu yi da shi? Ni kaɗai na cika gwangwanin madara babba da waɗanda na cire.

Andrawus ya ja igiya, inji ya tashi, na ji fitsari yana zuba shaa. Bayan ya ɗan yi aiki, Mubina ta ce, "Baba, kawo hannunka." Ta sa mini a ruwan.

"Sanyi ƙalau," na ce. "To me kike so, shayi?"

"Jirgin nan yanzu ya dawo daga tsallake, Baba. Ya kamata a ce da ɗumi. Injin ba ya ɗumama, shi ya sa mai ba ya ƙonewa duka, fulogi ke yin baƙi."

Ta zuge jaka. Ashe gwangwanina ne ke ƙara. Masu jirgi suka taru, na ji Andrawus ya matso kusa da kunnena.

"Baba, wannan yarinya zai sa abin da zai toshe ruwa? Inji na zai ƙone fa."

Mubina ta miƙe. Ta je wurin Alisabatu mai suyar kifi ta roƙi tukunyar ruwan zafi, ta zaɓi tamostat ɗaya, ta ɗaura masa zare ta tsoma. Ni ban ga komai ba, hayaniya kawai na ji. "Kai! Ya buɗe baki!" Ta ciro shi, ta ɗan fifita, ta ɗora mini a tafin hannu. Ina ji da yatsana yana rufewa a hankali yayin da yake hucewa. Shekara talatin da biyu ina jefa abin nan a gwangwani, ban taɓa tsoma shi a ruwan zafi na ga abin da ya iya ba. Kunya ta kama ni har wuya.

"To wane makanike ne ya cire na inji na?" in ji Andrawus.

"Baba ne ya adana shi," Mubina ta ce da sauri. "Ga shi mun kawo."

Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma in na karɓi wannan rufin asirin, gobe ma "Ina Baba?" za su ce.

"Kare ni take yi," na ce, da ƙarfi yadda na can baya za su ji. "Ni na cire shi, da hannun nan, na kuma yi wata uku ina lalube. Ita ta gano."

Ta yanka sabon gasket mai hana yoyo, ta mayar da tamostat, ta sa fulogi masu tsabta. Andrawus ya ce ba zai ɗauki fasinja ba sai an gwada. Na ce a kama ni in shiga, in inji zai ƙone ya ƙone da ni a ciki. Muka yi nisa har na daina jin hayaniyar kasuwa, muka juyo. Da muka kusa kututturan ya rage wuta, na kasa kunne ina jiran tarin nan. Inji ya ci gaba da guɗ-guɗ-guɗ ɗinsa, bai ko yi gyaran murya ba. Na laluba baya na tara hannu a fitsarin. Da ɗumi, kamar ruwan wankan jariri.

Muka koma Minna. Bayan kwana shida wayata ta yi ƙara a shago, na ɗauka na ji muryar Andrawus.

"Baba, ina kwana. Ba kai nake nema ba fa. Injin abokina Kudu ya ƙi tashi, ba ni makanike."

Abin ya ɗan sosa ni, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin ya fi. Na miƙa wa Mubina wayar, na ja kujerata bakin ƙofa, duk wanda ya wuce ranar sai da na tsayar da shi na gaya masa.