Ƙofar Ɗakin Baba

Karo na uku ke nan Yaya yana auna ƙofar ɗakin Baba, tef bai canza magana ba: keken guragun ya fi ta faɗi da yatsa uku. Ƙarfe huɗu za a sallamo tsohon daga asibiti, likita kuma ya hana a riƙa ciccibarsa, don ƙugunsa da ya karye bai gama haɗewa ba.

Yaya mai duba kaya ne a masana'antar takalma. Shekara ashirin yana cin abinci da gano aibin aikin wasu, bai taɓa ɗinka ko silifa ba. Ƙaninsa Auta, mai walda, shi kuwa kansa kamar kasuwa, mai kyau da ruɓaɓɓe duk a baje.

Auta ya ce a fasa bango, Yaya ya tuna masa gidan haya ne. Ya ce a cire zoben ƙarfen da ke jikin tayoyin, Yaya ya tambaye shi da me Baba zai tura kansa. Shawara shida ya kawo, shida aka yanka, kuma ko sau ɗaya Yaya bai yi kuskure ba. Ƙarfe biyu ta gota.

Inna ta ajiye zanen gadon da take ninkewa.

"To, babban yaya, ka binne nasa. Ina naka?"

Ya duba tef ɗin hannunsa. Lambobi ne kawai.

"Auta, ci gaba da shirmenka. Ba zan tanka ba sai ka gama."

"Inna, ke ce shaida."

Sai Auta ya ɓalle da kawo shawarwari. Igiya, taga, keken ɗinkin Inna, babu abin da bai jawo ba. Yaya na cizon leɓe. Can Auta ya ce wai dole ne Baba ya je ɗaki? Ɗakin ya zo wurin Baba mana, a fito da gado falo.

Yaya ya tashi. Ƙofar falo ta isa, ta banɗaki ma haka. Ya koma ya auna gadon ƙarfen, wanda Auta ya haɗa a cikin ɗakin tun bara.

"Gadon ba zai fita ba."

Auta ya sunkuyar da kai.

Yaya ya dube shi. "Wa ya ce an fasa? Je ka ɗauko injin yankanka. Ni zan nuna maka inda za ka yanka."